Daga nihari zuwa ƙawwali: Yini guda na ciye-ciye da hirar waƙa a birnin Delhi

Fiye da shekara 60 ke nan kunnen Bahaushe ya saba da muryar Indiya. Tun a shekarun 1950 da 'yan kasuwa 'yan asalin Labanan suka fara kawo finafinan Indiya gidajen silima na Arewa, waƙoƙinsu suka samu wurin zama a zukatan jama'a. Har gobe akwai dattawa a Kano da Jos da Zariya da Damagaram da za su rera maka waƙar Mohammed Rafi daga farko har ƙarshe, alhali ba su san ma'anar ko kalma ɗaya a cikinta ba.

Sanayyar ta kai har an raɗa wa jarumai sunayen gida. Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin.

Abincin Indiya dai bai samu wannan gata ba. Mutumin da ya kalli Mother India sau goma da wuya ya iya faɗa maka abin da ke cikin farantin da ake ajiye wa jarumi a fim. Ko a yanzu da 'yan Arewa ke zuwa Delhi neman magani ko karatu ko saro kaya, da yawa sukan ƙare zamansu a kan taliya da gari da yajin da suka ƙunso daga gida, saboda tsoron ɓacin ciki da kuma shakkar yanka.

Baƙon da ya yi dace da aboki ɗan gari, ya kuma ware yini guda ya bi shi lungu-lungu, zai koma masauki da abin da ya fi ƙoshi. A Delhi hirar abinci da hirar waƙa tare suke tafiya, kuma duk wadda aka bi diddiginta sai ta kai mutum ga maganar aro. Maganar kuwa ta shafi Hausawa kai tsaye, domin an shafe shekaru ana gardama a kan kwaikwayon Indiya a finafinai da waƙoƙin Hausa.

Asuba: Romon ƙwauri da sautin safiya

Yinin yana farawa ne bayan sallar asuba a Jama Masjid, babban masallacin da Sarki Shah Jahan ya gina, aka kammala shi a 1656. Shi ne sarkin da ya gina Taj Mahal, kuma shi ya kafa wannan ɓangare na birnin da yanzu ake kira Tsohuwar Delhi. Lungunan da ke kudu da masallacin, irin su Matia Mahal, unguwannin Musulmi ne masu cunkoso, kamar mutum ya kutsa cikin birnin Kano ta wajen Kurmi. Har da 'yan A Daidaita Sahu, waɗanda dama daga Indiya ake kawo mana su.

Karin kumallon wurin shi ne nihari. Sunan ya samo asali daga kalmar Larabci ta nahar, wato rana. Naman ƙwauri ake ɗorawa a babbar tukunya tun da dare, a rufe, a bar shi a kan garwashi yana dahuwa a hankali har gari ya waye. Kafin a sallame salla naman ya yi luguf, ɓargo ya narke cikin romo. Ana kaɗa ɗan garin alkama don romon ya yi kauri, sannan a watsa yankakkiyar ɗanyar citta da koren barkono, a matse lemon tsami a kai.

Da wata gurasa mai laushi ake ci, wadda ake mannawa a jikin tanderu kamar yadda matan Jakara ke yi a Kano. Sunan ma kusan ɗaya ne, su tandur suke cewa.

Naman galibi na ɓauna ne ko na akuya, domin doka ta hana yanka saniya a Delhi. A waɗannan unguwanni Musulmi ne mahautan, amma a wasu sassan birnin sai an tambaya, saboda yanka iri biyu ne: akwai halal, akwai kuma jhatka, wato sare kan dabba da sara ɗaya, wanda mabiya addinin Sikh suka fi so. A kayan gwangwani da na leda kuwa akwai alama. Koren ɗigo a cikin murabba'i yana nufin babu nama a ciki, alama mai ruwan ƙasa kuma tana nufin akwai.

A bakin wannan kwano ne ɗan gari mai son kiɗa zai fara jawo hankalin baƙonsa ga sautin da ke fitowa daga rediyon mai shago. A kiɗan gargajiya na arewacin Indiya kowane lokaci na yini da sautin da ya dace da shi. Suna kiran tsarin raga, wato jerin sautukan da aka yarda mawaƙi ya taɓa, da yadda zai hau, da yadda zai sauko, da inda zai tsaya ya ja. Bhairav na asuba ne, Todi na hantsi, Bhimpalasi na bayan azahar, Yaman na goshin dare. Malkauns da Darbari sai dare ya raba. Akwai ma Malhar, wanda na damina ne.

Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba idan ya tuna da take. A ƙasar Hausa sarauta da sana'a ne suka raba kiɗa: na mahauta daban, na maƙera daban, na noma daban, kowane basarake kuma da takensa. A can lokaci ne ya raba shi.

Da yawa daga cikin tsofaffin waƙoƙin finafinan da suka tsaya wa Hausawa a rai a kan waɗannan raga aka gina su. Makaɗi Naushad ya yi fice a wannan fanni, musamman a fim ɗin Baiju Bawra na 1952, wanda labarinsa ya ta'allaƙa ga gasar waƙa da Tansen, shahararren mawaƙin fadar Sarki Akbar.

Hantsi: Gero da tsamiya a kasuwar baƙi

Daga masallaci sai a miƙa titin Chandni Chowk, wanda Jahanara 'yar Shah Jahan ta tsara. A ƙarshensa ta yamma, kusa da masallacin Fatehpuri, akwai Khari Baoli, wadda ake ɗauka a matsayin kasuwar sarin kayan yaji mafi girma a nahiyar Asiya. Tun kafin mutum ya shiga atishawa za ta tarbe shi. Ga buhunan barkono da kurkur da busasshiyar citta, ga kanumfari da kirfa da hulba da habbatus sauda, 'yan dako na ta turo kura suna neman hanya.

Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne barkonon da Indiya ta yi suna da shi baƙo ne a ƙasar. Kafin Vasco da Gama ya iso gaɓar Calicut a 1498, zafin girkin Indiya daga baƙin masoro da citta yake fitowa. Turawan Fotugal ne suka kawo barkono daga nahiyar Amurka. Tumatir da dankalin Turawa ma daga can suka fito. A yau idan aka cire waɗannan uku, rabin girkin Delhi ya rushe.

Afirka ma tana da nata kaso, kuma ya fi na Turawa daɗewa. Gero da dawa da wake sun ƙetara teku daga Afirka zuwa Indiya kusan shekara 4,000 da suka wuce. Gero, wanda asalinsa yankin Sahel ne, a can bajra ake kiransa, dawa jowar, wake kuma lobia. Yanzu babu ƙasar da ta kai Indiya noman gero a duniya, kuma ita ce ta gabatar da ƙudurin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. A jihar Rajasthan ana murza garin gero a gasa shi kamar gurasa, a shafa man shanu.

Tsamiya ma 'yar Afirka ce, amma ta daɗe a Indiya har Larabawa suka sa mata tamar hindi, wato dabinon Indiya. Kuɓewa kuwa, wadda suke kira bhindi, Indiya ce kan gaba wajen nomanta, Najeriya na biye mata. Sai dai a nan aka raba gari: mai girkin Delhi soya ta yake yi ƙayau don ya kashe yauƙin, Bahaushiya kuwa kanwa take sa mata don ta ƙara yauƙi.

Ta ɗaya ɓangaren, mangwaro da zogale da darbejiya duk daga yankin Indiya suka zo mana. Ba wanda ke kallon kwaɗon zogale a matsayin abincin baƙi.

A ɗaya ƙarshen titin, ta gabas, Jar Ganuwa ce, tsohuwar fadar sarakunan Mughal. A nan ne Ustaz Bismillah Khan ya busa shehnai a bikin samun 'yancin kan Indiya a watan Agustan 1947. Duk wanda ya ji shehnai zai tuna algaita, domin 'yan gida ɗaya ne, dangin abin busa da ya bazu a ƙasashen Musulmi daga Asiya har Afirka ta Yamma. Da can an fi sanin shehnai a bukukuwan aure da ƙofar fada. Bismillah Khan ne ya ɗaga darajarta har ta hau manyan dandamali, kuma a 2001 aka ba shi Bharat Ratna, lambar girma mafi daraja a ƙasar, shekara ɗaya da Lata Mangeshkar.

Azahar: Tukunyar da aka liƙe da ƙullu

Da rana ta take, ƙafa kan koma wajen Jama Masjid. A wani lungu kusa da masallacin akwai gidan abinci na Karim's, wanda Haji Karimuddin ya buɗe a 1913, kuma zuri'arsa suna danganta kansu da masu girkin fadar Mughal. A nan da maƙwabtansa ake samun ƙorma, wato naman da aka dafa da kindirmo da soyayyiyar albasa, da kuma biryani.

Wanda ya kira biryani dafaduka bai yi ƙarya ba, amma ya rage mata daraja. Ana tafasa doguwar shinkafar basmati ta yi rabin dahuwa, a jera ta hawa-hawa da nama a tukunya, a yayyafa za'afaran da man shanu da na'ana'a. Daga nan sai a liƙe bakin murfin da ƙullun fulawa yadda tururi ba zai fita ba, a rage wuta. Wannan turarawa ita suke kira dum, kalmar Farisanci, kamar yadda sunan biryani kansa daga Farisanci ya fito.

Kowane gari da irin tasa. A Hyderabad ɗanyen naman da aka jiƙa da kayan yaji ake sawa a ƙasan tukunya su dahu tare da shinkafar. A Lucknow sai an dafa naman daban kafin a haɗa. A Kolkata ana jefa dankalin Turawa, al'adar da ake dangantawa da zuwan Wajid Ali Shah, sarkin Awadh da Turawan Ingila suka tuɓe a 1856.

Ɗan gaba kaɗan, a unguwar Daryaganj, ake cewa aka haifi abincin Indiya da ya fi kowanne suna a duniya, wato kazar da ake dafawa da tumatir da man shanu da kirim, wadda suke kira murgh makhani. 'Yan gudun hijira ne daga Peshawar suka kafa gidan abinci na Moti Mahal bayan raba Indiya da Pakistan a 1947, kuma ana cewa dabarar ta samo asali ne daga neman hanyar da gasasshiyar kazar da ta yi saura ba za ta bushe ba. A 2024 maganar wanda ya fara wannan girki ta kai gaban Babbar Kotun Delhi, tsakanin gidajen abinci biyu da kowanne ke cewa kakansa ne.

Rabuwar 1947 ta taɓa waƙa kamar yadda ta taɓa tukunya. Noor Jehan, wadda ita ce tauraruwar mawaƙa mata a lokacin, ta koma Pakistan. Cikin shekara biyu wata yarinya mai siririyar murya, Lata Mangeshkar, ta cike gurbin da waƙoƙinta na finafinan Mahal da Barsaat a 1949. Daga nan ta riƙe kambun har tsawon rabin ƙarni. Ta rasu ranar 6 ga Fabrairun 2022.

Wanda yaji ya dama sai ya nemi lassi. Kindirmo ne aka buge shi da sukari da ƙanƙara, ba abin da ya rage masa sai fura.

La'asar: Shayi, samosa da tsohuwar gardama

Da la'asar Delhi ta masu shayi ce. Shayinsu a tukunya ɗaya ake tafasa ganye da madara da sukari da citta, wani lokaci a zuba shi a ɗan ƙoƙon yumɓu da ake yarwa bayan an sha. Shi ma ba daɗaɗɗe ba ne. Turawan Ingila ne suka buɗe gonakin shayi a Assam tun daga shekarun 1830 don kai wa ƙasarsu, kuma sai a ƙarni na 20, bayan kamfanoni sun yi ta talla a tashoshin jirgin ƙasa da masana'antu, talakan Indiya ya rungume shi. Da ya karɓa kuwa sai ya dafa shi yadda ya ga dama.

Abokin tafiyar shayi shi ne samosa, wanda asalinsa daga Farisa da tsakiyar Asiya ne. Ibn Baɗuɗa, matafiyin nan ɗan Maroko da ya yi alƙalanci a Delhi zamanin Sarki Muhammad bin Tughluq a ƙarni na 14, ya ba da labarinsa a cikin abincin fada, da niƙaƙƙen nama da albasa da 'ya'yan itatuwa irin su almon a ciki. Shi ne dai mutumin da daga baya ya zo Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, har ya ambaci Gobir a labarin tafiyarsa. Samosar da aka fi sayarwa a titunan Delhi yanzu dankali ne a cikinta. Ita ma jalebi, zaƙin nan mai kama da alkaki da ake tsomawa a ruwan sukari, daga zalabiyar Larabawa da Farisawa ta samo suna.

A teburin mai shayi ne ake tayar da gardamar da ba ta ƙarewa: Rafi ko Kishore? Kamar dai a tambayi Bahaushe Shata ko Ɗanƙwairo.

Don a fahimci gardamar sai an tuna cewa fuskar da ake gani a fim ba ita ke waƙar ba. Fim ɗin Indiya na farko mai magana, Alam Ara na 1931, yana da waƙoƙi bakwai, kuma 'yan wasan ne suka rera da bakinsu. Daga 1935 aka fara naɗar waƙa daban, jarumi ya riƙa motsa baki. Haka 'yan tsirarun muryoyi suka mamaye masana'antar. Mukesh ya zama muryar Raj Kapoor. Rafi ya yi wa Dilip Kumar da Shammi Kapoor da Dharmendra. Kishore Kumar kuwa tauraronsa ya haska sosai da fim ɗin Aradhana na 1969, ya zama muryar Rajesh Khanna, daga baya kuma ta Amitabh Bachchan.

Magoya bayan Rafi za su ce ya yi karatun waƙa a gaban malamai, babu raga da zai gagare shi, kuma yana iya sauya murya ta dace da kowane jarumi. Na Kishore za su ce shi bai zauna gaban kowa ba, baiwa ce zalla, kuma ko a waƙar raha ko ta kuka kamar da kai yake magana. Rafi ya rasu ranar 31 ga Yulin 1980, cikin watan azumi, dubban mutane suka bi gawarsa ana tafka ruwan sama. Kishore ya bi shi a 1987.

Akwai wata gardamar da ta fi wannan nauyi. A shekarun 1960 Lata ta dage cewa mawaƙi yana da haƙƙi a cikin ribar da ake samu daga faifansa. Rafi ya ce da zarar an biya shi ladan aikinsa magana ta ƙare. Saɓanin ya sa suka yi wasu shekaru ba su yi waƙa tare ba. Wannan tambaya tana nan da ranta a Kano, inda muryoyi irin na Misbahu M. Ahmad da Fati Nijar suka ɗauki finafinai da dama a kafaɗa, masu kallo kuma suka fi riƙe fuskokin da suka hau waƙoƙin.

Su ma waƙoƙin finafinan Indiya sun sha raini a gida. A 1952 ministan yaɗa labarai B. V. Keskar ya taƙaita sa su a gidan rediyon gwamnati, yana ganin sun gurɓata da kiɗan Turawa. Sai jama'a suka karkata akalar rediyonsu zuwa Radio Ceylon da ke Sri Lanka ta yau, inda Ameen Sayani ke gabatar da shirin Binaca Geetmala. A 1957 gwamnati ta sauko, ta buɗe tashar Vividh Bharati mai sa waƙoƙin.

Magariba: Inda bege ya haɗu da kayan Turawa

Idan yinin ya faɗo ranar Alhamis, da yamma sai a nufi kudu zuwa unguwar Nizamuddin, inda kabarin Shehu Nizamuddin Auliya yake, babban malamin ɗariƙar Chishtiyya da ya rasu a 1325. Kusa da shi aka binne almajirinsa Amir Khusrau, wanda ya bi shi bayan 'yan watanni. Khusrau ya yi waƙoƙi da Farisanci da kuma harshen mutanen gari, kuma shi ake ɗauka a matsayin uban ƙawwali, sunan da ya fito daga kalmar Larabci ta ƙaul, wato magana.

Bayan magariba mawaƙan kan zauna a ƙasa a farfajiya. Jagora ya ja baiti, 'yan amshi su karɓa da tafi, ganga na biye da su, ana maimaita baiti ɗaya ana ƙara masa zafi. Malamai sun yi saɓani a kan sauraren irin wannan, a can da nan, don haka baƙo shi zai zaɓa wa kansa ko ya zauna ko ya wuce. A gefe kuma ana rabon abinci sadaka ga duk wanda ya miƙa hannu.

Abin lura shi ne ɗan akwatin da ke gaban jagoran, wanda yake dannawa da hannu ɗaya yana zuga shi da ɗayan kamar zugazugin maƙeri. Sunansa harmoniyam, kuma daga Turai ya zo a ƙarni na 19. Na asali da ƙafa ake zuga shi, mutum na kan kujera. Indiyawa suka sauya masa gini ya dace da mai zama a tabarma. Masu kishin gargajiya sun ƙi shi, har gidan rediyon gwamnati ya haramta shi daga 1940 zuwa 1971. Yau ba a ƙawwali sai da shi. Ɗan Kano zai tuna da fiyanon Yamaha da ya mamaye ɗakunan naɗar waƙa, da irin sukar da ya sha.

Masu finafinai sun ari salon ƙawwali sun sa a Mughal-e-Azam da Barsaat Ki Raat, duka na 1960, da Amar Akbar Anthony na 1977. A Kano kuma aka juya abin. Ƙungiyoyin matasa masu bandiri, irin su Ushaƙu Indiya, suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin finafinai suna ɗora yabon Manzon Allah (SAW) da Hausa, lamarin da manazarci Brian Larkin ya yi rubutu a kansa. Kafin su, makaɗa irin su Abdu Yaron Goge na Jos sun riga sun gwada karin Indiya a kan goge.

Dare: Zanen aro da katara

Abincin dare a titi ake cinsa. Seekh kebab ɗan'uwan tsire ne, sai dai niƙaƙƙen nama ake mulmulawa a jikin ƙarfe a gasa a kan garwashi, babu ƙuli. A rufe da firni, kunun shinkafa da madara mai kauri da ake sanyayawa a ƙaramin kaskon yumɓu.

A nan ne baƙo daga Afirka ta Yamma zai iya rama wa kura aniyarta, idan abokinsa ya fara yi masa ba'a cewa Kannywood ta kwashe musu waƙoƙi. A 1987 mawaƙin ƙasar Gini, Mory Kanté, ya fitar da waƙarsa Tama. Cikin 'yan shekaru karinta ya bayyana a manyan finafinan Indiya biyu, Thanedaar na 1990 da Hum na 1991 wanda Amitabh Bachchan ya fito a ciki. Hausawa da dama sun yi rawa da waɗannan waƙoƙi a matsayin na Indiya, ba su san kiɗan maƙwabta ba ne ya yi zagaye ya dawo.

Wannan bai wanke kowa ba. Tun daga Turmin Danya na 1990, da bunƙasar rawa da waƙa a finafinan Hausa bayan Sangaya, masu suka ke cewa zanen aro ba ya rufe katara. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin finafinai da waƙoƙin Hausa da dama da aka ɗauko kai tsaye daga na Indiya. Kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001 bai kashe gardamar ba, kuma da fassarar Indiya-Hausa ta shigo, masu kallo da yawa suka ga gara su kalli na asalin da harshensu a kan su kalli kwafi. Wannan ya taɓa aljihun masu shirya finafinai.

Abin da yini guda a Delhi ke nunawa shi ne aro iri biyu ne. Akwai wanda ake ɗauko abu ɗungurungum a sauya masa suna, a ɓoye mai shi. Wannan ko a Mumbai aka yi ko a Kano, cin haƙƙi ne, kuma da zarar mai kallo ya samu na asali zai juya baya. Akwai kuma irin na barkono da shayi da harmoniyam, inda aka karɓi baƙo aka sarrafa shi da hannun gida har ya zama ba a iya raba shi da gidan. Da irin wannan na biyun Indiya ta gina girkinta da waƙarta, kuma shi take sayar wa duniya.

Matan Hausawa sun riga sun nuna yadda ake yi. Samosar da ake jerawa a faranti lokacin buɗa-baki a Kano da Kaduna da Maraɗi, da niƙaƙƙen nama da attaruhu da albasa a cikinta, tana zaune daram kusa da ƙosai da kunun tsamiya. Ba ta yi kama da ta Delhi ba, ba ta kuma yi kama da wadda Ibn Baɗuɗa ya ci ba. Aikin da ke gaban mawaƙa da masu shirya finafinai ke nan: su yi wa karin da suka aro abin da uwargida ta yi wa samosa, su kuma faɗi inda suka samo shi.